Bindigar da Inna ta shafa wa man gyaɗa

Shekara shida bindigar Baba ta yi a bayan ƙofar ɗakin Inna, a gidanmu na Zango, ban taɓa ɗaga ta ba. Ni mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, alli na sani. Baba ya saye ta da takarda saboda biran da ke yi masa ɓarna a gonarsa ta Dakusa. Irin mai famfo ce, wadda ake jan katakon ƙarƙashinta baya a mayar gaba, harsashi ya hau. Ranar da ya dawo da ita daga gona karo na ƙarshe, kwanciya ya yi, bai sake tashi ba.

Wata Juma'a da hantsi na kai ƴaƴana gaisuwa, na tarar da Inna a tabarma, gindin bindigar a ƙasa, bakinta jingine a kafaɗarta, tana mulke ta da man gyaɗa kamar mai shafa wa jariri. Ashe haka take yi kowane mako tun rasuwarsa. Na tambaye ta ko ta tabbata babu kome a ciki. Ta harare ni, ta ce Baba bai taɓa ƙetare zaure da bindiga a ɗure ba, tun a bakin gona yake zazzage ta, kowa ya shaida. Na gwada jan katakon, ko motsi bai yi ba. Man ya daskare a ciki ya zama danƙo.

Na kora yara maƙwabta, na hau kabu-kabu na ɗauko Kawu, ƙanen Inna, tsohon soja ne mai bakin tsiya. Da zuwansa ya shinshina bindigar, ya dubi Inna.

"Yaya, ƙosai kike shirin soyawa a cikinta?"

Ta ce ai shi tun yana yaro ba shi da ta ido. Fuskarsa dai ta riga ta canza. Ya kai bindigar bayan gida, ya saita bakinta ga tulin yashin da muka ajiye don gini, ya ce ni zan riƙe tunda ni ne magajinta. Ya ce in ɗauka a ɗure take har sai idona ya ga akasin haka, yatsana kuma ya yi nesa da kunama ko da kunamar gaske ce ta harbe ni.

Da gashin kaza ya riƙa ɗiga kananzir a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A ɗiga, a jira. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli kusa da kunama, ya ce sai an danne shi katakon ke sakuwa. Kusancinsu ya ba ni haushi, har na zagi wanda ya ƙera ta a zuci. Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, ga mai, ga gumi, bindigar sai zamewa take. Inna kuwa ta kafe a bakin ƙofa, ta ƙi matsawa, wai zargin mamaci muke yi kuma za mu ji kunya. Wallahi na fi kowa son mu ji kunyar.

An fara kiran salla katakon ya ɗan motsa. Kawu ya ce in ja a hankali, kada in fizga. Na ja, ya cije, na sake ja. Sai ji na yi ƙaras, wani jan abu ya yi tsalle ya faɗa kan yashi. Harsashi ne, lafiyayye, ko tsatsa babu. Kawu ya sa na ja sau biyu kuma, ya leƙa ciki, ya zura yatsa. Shi kaɗai ne.

Na zauna a ƙasa. Juma'a nawa ke cikin shekara shida, bakin nan a kafaɗarta? Faɗa ya cika mini baki, na juya zan sauke mata shi. Ta riga ta zo ta ɗauki harsashin, tana juya shi a tafin hannunta mai maiƙo. Ba tsoro na gani a fuskarta ba.

"Ranar da Babanku ya dawo da ita, ce mini ya yi gajiya ce kawai," in ji ta. "Na yarda, na ja masa ƙofa don ya huta. Wanda ya manta wannan a ciki ba gajiya ke damunsa ba. Da na sani, da likita na kai shi."