Layin da na gani a teku

Ran jajiberin Babbar Salla, shekarar da aka gama yaƙin Jamus, na tsaya a tsakar gidanmu a Zangon Kumasi na ce teku na da layi. A kwanakin ne muka dawo daga Ikko ni da Baba, mun kai goro ta jirgin ruwa. Kusa da garin Ada, inda kogi ke zubawa cikin teku, na ga jan ruwa da koren ruwa sun jeru, kumfa ta raba su kamar an ja zare. Wani matuƙi ya jefa guga nan, ya jefa can, ya ba ni na taɓa: na kogi ɗumi, ba gishiri sosai, na teku sanyi, ga ɗaci. Baba bai gani ba, yana kwance yana fama da amai, abin da har ya rasu bai yarda ya faru ba.

Yara suka bar langa suka yi ta dariya, suka sa mini suna Mai-Layi. Baba ya ce, "Ruwa ruwa ne. Ka ce ƙarya ka yi, ko kuma ka yi ban kwana da jirgi."

Ban ce ba. Na ari kwalbar alewa, na zuba ruwan randa da gishiri, na ɗumama wani na sa shunin wankin Mma, uwata, na tsiyaya shi a hankali ta bayan cokali. Shuɗin ya zauna bisa, bai motsa ba. Baba ya ce, "To in ba sa haɗuwa, ina kogin ke zuwa?" Na sake: ruwan sanyi zalla a ƙasa, mai ɗumi da ɗan gishiri da shuni a sama. Muka jira. Da na saman ya fara hucewa, gishirinsa ya yi masa nauyi, sai ga siraran yatsu shuɗɗa suna saukowa har gindin kwalba.

Mma ta ce, "Ikon Allah! Amma shunina fa?" Baba ya ce dabo ne. Da goro ya sake nuna, da ƙanena Baba ya tafi Ikko, aka bar ni da ɗebo ruwa.

Yau jikokina na karanta wannan a makaranta da zane mai launi, suna hamma. Ba wanda zai hana su komai a kansa, shi ya sa ba su damu ba. Tsofaffin Zango har gobe Mai-Layi suke kirana, ni kuwa amsawa nake da ƙarfi.