Gugar da Sa Yake Ja

Tun ina saurayi ban iya zama wuri ɗaya ba, kuma har yau da furfurata ban koya ba. Zamanin da nake magana Illela ba ta wuce zangon fatake ba, komai namu Sakkwato muke kallo, daga shari'a har ganin wata. Shekarar da na yi aure mai gari ya yanka mini fili a fadamar Kalmalo, na haƙa rijiya, na dasa albasa. Da rani ya yi nisa tabkin Kalmalo ya ja baya, ruwan rijiya ya bi shi, na koma wuni ina jan guga har kafaɗuna suka daina jin magana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani sa na abokina Bafillace, da yake kwanciya gindin gawo yana tuƙa yana kallona. Ni ina ramewa, shi yana ƙiba. Na yi ta juya abin a raina har abinci ya fita kaina. Ƙarshe na kafa itatuwa biyu masu gwafa a bakin rijiya, na gicciya musu gungumen da na sassaƙe don ya riƙa juyawa, na ɗora igiya a kansa, na ɗaura wa san. Sa ya yi gaba, gugar fata ta taso cike. Na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya fara zuwa gani. Ya zagaya rijiyar, ya ce, "Ɗana, abin ga ya yi kyawo. Amma in anka tambaye ka, ka ce gano shi kay yi wani gari."

Na ce, "Wane gari, Kawu? Ko Ƙonni ban taɓa wucewa ba."

Ya ce, "Ni dai na gaya maka."

Na san abin da yake nufi, haushi ne ya hana ni ji. A wurinmu sabon abu sunan da aka sa masa shi ke raya shi ko ya kashe shi. In matafiyi ya zo da shi, sai a ce baƙon abu, a karɓe shi kamar yadda ake ba baƙo tabarma da ruwa. In daga bakin dattijo ya fito, dabara ke nan. In kuwa yaro ne ya tsiro da shi daga kansa, sunansa tsirfa, kuma da an furta wannan kalma babu mai mutuncin da zai sake taɓa abin. Mafi nauyi ita ce bidi'a, ita ce ma wani ya kai wa liman.

Liman ya zo da kansa, ya kalli sa yana kai da komo. Ya ce bidi'a maganar ibada ce, ban ruwan albasa bai shiga ciki ba. Na koma gida ina jin na gama da kowa.

Ashe da saura. Sarkin noma ya kira ni gaban mai gari, wai sa zai tattake fangalin albasar mutane, wai zan zuƙe ruwan maƙwabta. Sannan ya tambaye ni, "Wa ak koya maka wanga aiki?"

Na ga Kawu yana ƙifta mini ido. Na ce, "Ba kowa, ranka shi daɗe. Ni nif fito da shi."

Sarkin noma ya gyara zama, ya ce, "To, tsirfa ta."

A ranar aka tumɓuke itatuwan, aka ce in na sake kafawa za a ba wani filin. Rabin albasata ta ƙone, matata kuma tana da ciki. Na yi baƙin cikin da ban taɓa yin irinsa ba. Na daina zama dandali, in na ji ana dariya sai in ga da ni ake.

Rani na gaba ya fi wancan tsanani. Ayarin gishiri ya sauka zango, wani Ba'asbine ya bi ta fadama neman ruwa, ya ga gungumena yashe cikin ciyawa. Ya ce ai da irinsa suke ban ruwa a lambunansu, da sa ko raƙumi. Magana ta kai kunnen sarkin noma, wanda tasa albasar ma ta fara kwantawa. Aka sake kirana. Sarkin noma ba zai haɗiye maganarsa ta bara ba a gaban jama'a, ni ma na san haka. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Abin nan da kak kafa bara, ina kag gano shi?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Na tuna fangalina da ya tsattsage, na tuna matata da goyo a baya tana kankare gindin rumbu.

Na ce, "Asbin, ranka shi daɗe."

Ya ce, "Madalla. Dabarar Asbinawa ta. Sai ka kafa muna."

Na kafa masa, na kafa wa kowa, har mutanen Tozai da Amarawa suka riƙa aikowa a kira ni. Albasa ta yi, fili ya zauna a hannuna, 'ya'yana suka ci suka girma. Yanzu jikokina kan kewaye ni su ce, "Kaka, ba mu labarin Asbin." Sai in tashi in ce zan duba rijiya.