Idona Ya Bushe a Makokin Ƙanena

Kafin maganin, kuka nake yi ba gaira ba dalili. Tuwo ya yi gudaji, kuka. An kira salla, kuka. Na daina zuwa makarantar da nake koyarwa a Talata Mafara, na kwanta kamar tsumma. Inna ta karɓo rubutu daga Maradun, na sha har na gaji. Ƙanena mai noman shinkafa a Bakura ne ya ɗora ni a babur ya kai ni asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mini ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya ja kunnena kada in yanke ta don na ji sauƙi.

Ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Na tashi, na yi kitso, na koma aji har ina yi wa yara tsawa.

Sai ƙanen nan nawa ya rasu, zazzaɓin 'yan kwanaki. Na zauna a tabarmar makoki a Bakura ina jiran kuka, bai zo ba. Mata na shigowa, "Ya haƙuri?" ina amsawa, "Da godiya," murya garau. Na tuno shi yana yaro, na tuno bayansa a kan babur ɗin nan, na matse ido. Ko ɗigo. Ni da na yi wa gudajin tuwo hawaye!

Abin da ya fi ɗaure mini kai yabon ne. Gwaggo ta nuna ni ga jama'a ta ce, "Ku dubi ɗiyag ga, wanga shi na tawakkali." Na sunkuyar da kai. To nawa ne tawakkalin, ko na ƙwaya? In nata ne, wa za a rubuta wa ladan? Na ji kunya, na kuma ji haushin kaina.

Bayan sadakar uku, matar mamacin ta ja ni ɗakin da take takaba, idanunta sun kumbura.

"Yaya, don Allah mi kika karantawa? Ki koya min."

Na ce ba addu'a ba ce, magani ne na asibiti. Sai ta miƙo hannu. Na ce ba a ba da shi haka, sai likita ya ga mutum. Ta kifa kai a cinyata ta fashe da kuka, ni kuwa wallahi kishinta na ji.

Na yi tunanin watsar da ƙwayar, amma na san ramin da aka ciro ni, kuma mai babur ɗin ba ya nan. Na koma wa likita, na gaya masa idona ya bushe. Ya ce yakan faru ga wasu, ya canza mini wata a hankali.

Kukan bai zo ba sai da kaka ta zagayo. Ranar Talata ce, a tsakiyar kasuwa, na tsuguna ina taya sabuwar shinkafa. Na ɗebo ta a tafin hannu, sai kawai ya ɓalle mini, har da shessheka. Tsohuwar mai awo ta riƙe kafaɗata.

"Subhanallahi! Wa ya rasu, ɗiyata?"

Na ce ƙanena.

"Allah shi jiƙan shi. Yaushe?"

Na buɗe baki in ce bara. Abin da ya fito shi ne, "Yanzu."