Kalmar da Baffa ya tsinto a mota

Jiya ina gyaran takardun ɗalibaina na Ingilishi, sai na ci karo da kalmar "drive". Na ajiye biro.

Baffana ya yi shekaru yana tuƙa likitocin Sifaniya zuwa rugagen Azagor. A bakinsu ya tsinci "ganas", wato himmar da ke tashin mutum tsaye. Duk wanda ya ga jikinsa ya mutu, sai ya ce, "Kai, ba ka da ganas!"

Da ciwo ya kwantar da shi, na kai masa fura. Ɗakin na ƙamshin man zafi. Ya ture ƙwaryar, ya ce, "Ɗana, mi ake ce ma ganas da Ingilishi?"

Na ce, "Drive, Baffa. Haka ma ake kiran tuƙi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ashe ni ma tuƙa ni akai. To, direban ya sauka."

Na ɗauka wasa ne, na koma lakwal wurin ɗalibaina. Bai ƙara cin komai ba, bayan kwana uku muka binne shi. Har yau ina tambayar kaina me ya hana ni zama in lallashe shi.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini gaggawata.