Kubar Ɗakin Ruth

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Kontagora ya san Baba Irmiya mai awo, in bai san sunansa ba to ya san hannunsa. Mutumin Salka ne. Yana saurayi ya shigo gari a saman lodin dawa, da mudu ɗaya a jaka, ya sami gefen wata rumfa ya zauna, zaman da yau ya haura shekara arba'in. A nan ya auri Rebeka, a nan ya gina gidansa mai ɗaki huɗu, a nan gashin kansa ya zube.

Abin da ya fito da sunansa gyara ne, wato ɗan abin nan da mai awo ke ƙara wa mai saye bayan mudu ya cika. Wasu masu awon sai ka yi ta magiya kafin su tsinto ƙwaya bakwai su jefa maka kamar ana ba kaza. Irmiya kuwa ba a roƙonsa. Mudu na cika, hannunsa zai koma buhu da kansa ya ɗebo ya watsa, shi kuma yana can yana ba wani labarin ruwan bana. Abin har ya bi shi gida. In ka tambaye shi shekarunsa sai ya ƙara biyu. In ya sa wa baƙo sukari a shayi, baƙon sai ya nemi ruwa. A coci ma, in aka ba shi addu'ar rufewa, sai jama'a sun ce amin sun fara miƙewa sannan zai ƙaro wata 'yar guntuwa, kowa ya koma ya zauna.

Mutumin kirki ne, wannan babu musu. Amma yana da hali ɗaya mai ban haushi: ba ya iya ganin ɗaki babu buhu a ciki. Wurinsa wannan ɓarna ce. Halin nan ne ya raba shi da autarsa Ruth.

Shekarar da Ruth ta tafi makarantar koyon aikin jinya, ta kulle ɗakinta ta tafi da makulli. Kaka ta zo, masara ta yi araha, Irmiya ya saya har hankalinsa ya gushe. Ya cika shago, ya cika falo, ya cika ƙarƙashin gadonsu, ga sauran buhu goma sha biyu a tsakar gida. Rebeka ta ce kada ya taɓa ɗakin yarinyar nan. Ya ce ai ɗaki ba ya karatu, me zai zauna yi haka kawai. Ya ɗauko taɓarya ya ba kubar ƙofar duka biyu, ta wargaje. Masara ta shiga, ɓeraye suka bi bayanta. Kafin hutu sun ci katifa, sun ci labule, sun shiga kwalin da Ruth ke ajiye takardun makarantarta tun daga na firamare, sun mayar da su gari.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta durƙusa ta tattara garin takardun a leda, ta ɗauki jakarta ta tafi gidan ƙanwar uwarta, Inna Janet. Tun ranar, shekara huɗu ke nan, in ta zo gari takan biyo ta gaishe su da rana, ta ci abinci, kafin magariba ta tafi. Ba ta sake kwana a gidan ba. Irmiya bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi laifi ba. Wake yake aika mata da shi Minna inda take aiki, buhu bayan buhu, har maƙwabtanta suka zaci sayarwa take. Abin yana cin sa a rai ƙwarai, duk gidan an sani, shi ne kawai yake ganin ya ɓoye.

To, bana ana saura mako ɗaya Ista, sai Ruth ta kira uwarta a waya. Ta ce ran Asabar za ta zo. Ta ce in ƙofar ɗakinta tana da kuba mai kulluwa, a gida za ta kwana. In babu, Inna Janet na nan. Rebeka ta faɗi saƙon tana kallon tukunya, Irmiya kuma ya ji shi yana kallon sama, kamar ba da shi ake ba. Gari na wayewa ran Litinin aka gan shi yana fitar da buhuna daga ɗakin da kansa. Ya share, ya wanke, ya aro kyanwa, sannan ya sa hula ya nufi shagon Mahmudu mai kayan gini.

Ya ce a ba shi kuba, irin ta cikin ƙofa mai mariƙi. Mahmudu ya tambaye shi wane girma. Irmiya ya yi dariya, ya ce yaushe kuba ta zama takalmi. Mahmudu, mutum mai haƙuri, ya jera masa kala huɗu a kan kanta, ya nuna masa cewa kowace da zurfin ramin da take shiga a jikin ƙofa, kuma ramin mariƙi da na makulli sai sun hau daidai kan nata. Ya ce hanya mafi sauƙi a kawo tsohuwar. Ina! Tsohuwar tuni 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa sun tafi da gawarta. Mahmudu ya ɗaga 'yar ƙaramar cikinsu, ya ce yawancin ƙofofin ɗaki wannan suke ci. Irmiya ya dube ta a wulaƙance, ya ce wannan ai ta akurkin kaji ce, ba ta ɗakin ma'aikaciyar jinya ba. Ya ware yatsunsa ya nuna zurfin ramin yadda ya tuna shi, aka ba shi babbar cikinsu, ya tafi yana murna.

Ko rabinta bai shiga ba. Ta tsaya a bakin ƙofar, gindinta a waje.

Ran Talata ya ce yanzu zai yi abin a kan ilimi. Ya samo karan dawa, ya zura a ramin har ya taɓo ƙarshe, ya dafe da babban yatsa, ya karya. Ya sa karan a aljihun gaba ya riƙe shi da hannu har shago don kada ya taɓu. Mahmudu ya gwada karan a jikin kubobin, ya canza masa da mai bi wa babbar. Ita ma ta ƙi, sauran kamar faɗin yatsa biyu. Ran Laraba ya sake yanko wani karan, aka ba shi ta uku. Wannan ta kusa shiga, har ya fara waƙar coci, sai ta cije saura kaɗan, ramin mariƙi kuma ya leƙo rabi ya ɓuya rabi.

Ran Alhamis Mahmudu ya ara masa tef ɗin awo, ya nuna masa yadda ake karantawa. Irmiya ya je ya auna, ya dawo ya faɗi lambar da ƙarfin zuciya. Mahmudu ya duba, ya ce ai wannan lambar ita ce ta kubar jiya, wadda ta ƙi. Nan fa ran dattijo ya ɓaci. Ya ce shekara arba'in yana awo a garin nan ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa, sai yau ƙarfe zai ƙaryata shi. Ya ce kamfanin ne ba su iya awo ba. Mahmudu ya ba shi shawara ya kira kafinta ya ɗan sassaƙe ramin, ko wace kuba ce ta shige. Irmiya ya ce a'a, ƙofar nan ta sha duka sau ɗaya a hannunsa, ya ishe ta.

Juma'a bayan an taso daga coci, ya sake durƙusawa gaban ƙofar da sabon kara. Saura kwana ɗaya, kuma tsoro ya kama shi sosai. Rebeka ta jawo kujera ta zauna a bayansa tana tsintar shinkafa, idonta a kan hannunsa. Ya zura karan, ya dafe daidai bakin ramin, ya zaro. Sai ta ga babban yatsan nan ya ɗan ja baya a hankali, ya ƙara wa karan tsawo, sannan ya karya.

Ta ajiye faranti. Ta ce, "Baban Ruth, ita ma ƙofar gyara kake yi mata?"

Ya ce wane irin gyara, shi bai ƙara komai ba. Ta ce ya sake. Ya sake, wannan karon yana harare da yatsan, yatsan kuma ya matsa a gaban idonsa ba kunya. Sau uku suna yi. Rebeka ta yi dariya har shinkafa ta zube. Ta tambaye shi lambar da ya gani a tef jiya, ya faɗa. Ta tambayi wadda ya faɗa wa Mahmudu, ya faɗa, sai ya ji da kunnensa ba ɗaya ba ne. Ya ce to ai ba daɗi mutum ya faɗi abu cif-cif kamar marowaci.

Ta ce ya ba ta karan ta auna masa. Ya ƙi. Ya ce shi ya fasa, shi zai sa. Kuma tunda hannunsa ba abin yarda ba ne, bakinsa ma haka, to ƙofar za ta je ta faɗi girmanta da kanta.

Asabar da safe ya kwance ƙofar daga jikin bango, ya naɗa gammo, ya ɗora ta a ka. Dattijo mai furfura a gemu, da rigar zuwa coci, da ƙofa a ka, yana ratsa Kontagora. 'Yan acaɓa suna ta yi masa hon. Wani ya tambaye shi ko rabon gida aka yi, nasa kason ke nan. Irmiya kuma ba ya iya wuce gaisuwa, ga shi in ya juya ƙofar ma sai ta juya, haka ya share wa wani mai lemo hula daga ka. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ga inuwa na tafiya, ta shige ƙarƙashi ta bi shi har kasuwa.

Mahmudu ya fito ya ga ƙofa a bakin shagonsa, ya yi salati. Ya sa tef ya auna da kansa, ya shiga ciki, ya fito da 'yar ƙaramar nan ta ran Litinin, ta akurkin kaji. Ta shige ramin sumul. Bai tuna masa maganar akurkin ba, Allah ya saka masa. Ya ɗaure ta, ya sa mariƙi, ya murɗa makulli ta amsa, ya miƙa wa Irmiya makullai uku a zobe ɗaya.

Abin da Irmiya bai sani ba, Ruth ta sami motar sassafe. Tun kafin azahar ta iso. Ta gaida uwarta, ta wuce kai tsaye ɗakinta, ta tarar ba kuba, ba ma ƙofar. Rebeka ta fara bayani, amma da ta zo kan yatsa dariya ta kama ta, maganar ta ƙi fita. Ruth ba ta ga abin dariya ba. Idonta ya cika da ƙwalla, ta ɗauki jakarta ta nufi waje.

A bakin gida ta tarar hanya a toshe. Ƙofa ce a gicciye ta maƙale tsakanin ginshiƙan ƙofar gida, ƙarƙashinta ƙafafu biyu duk ƙura, ana ta nishi ana turawa. Ta san takalman. Ta ajiye jaka, ta kama gefe ɗaya, ta ce, "Baba, karkata ta hagu." Ya karkata dama. Da ƙyar suka shigo da ita.

Ita ta riƙe, shi ya ɗaure. Da suka gama ya ciro makullan daga aljihu. Rebeka ta ce a bar ɗaya a gida saboda ɓacin rana, haka kowa ke yi. Ya ce ko ɗaya ba za a bari ba. Ya kama hannun Ruth ya sa mata duka ukun.

Ya ce, "Ɓeraye ne suka ci takardunki, amma ni na buɗe masu. Na yi laifi, Ruth. Ki yafe mini."

Kafin ta amsa sai ya ƙaro wata ban haƙurin, ya sake ƙaro wata, har ya fara shiga laifin da ya yi mata tana aji uku. Ta share ido da bayan hannu, ta ce, "Baba, ya isa haka, ya cika."

Ta ɗauko jakarta daga bakin gida, ta shiga ɗakin, ta rufe. Suka ji makulli ya juya sau biyu. Daga ciki ta ce ya gwada turawa. Ya sa tafin hannu ya tura a hankali, ƙofa ta tsaya kyam. Bai taɓa jin daɗin an kulle masa ƙofa a fuska ba sai ranar.

Can ta ɗaga murya ta ce, "Mama, a ƙara garin tuwo, har da na ɗumamen safe."

Irmiya ya ce shi zai auno garin. Rebeka ta buɗe baki za ta hana, sai ta fasa, ta je ta ɗauko babbar tukunya.