Ƙusar da na kashe gem ɗin Yaya Sabi'u da ita

Wata Lahadi a daminar 2006, ina ɗan shekara goma sha uku, na tsuguna a bayan rumbunmu a Daura da kaskon gawayi a gabana, ina hura wuta a kan ƙusa. A kan tabarma ga na'urar gem ta yayana Sabi'u, irin wadda ake jonawa da talabijin a buga wasa, na kwance ta da bakin wuƙar Inna, cikinta a waje. Shi ya tafi kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa tun da safe, Inna kuma tana can tana surfe, tana zaton ciyawar awaki na tafi.

Raguna biyu Yaya ya kiwata shekara guda, ni ke yi musu dusa kafin in tafi makaranta, ya sayar da su ya sayo gem ɗin a Kano. Lokacin an sa ido sosai a kan gidajen kallo, amma mai unguwa ya yarje masa ya kafa rumfa a ƙofar gida, muddin zai rufe da an kira salla. Da wannan rumfar yake fatan ya huta da zuwa ci-rani. Sai dai na'urar ta ƙi karɓar faifan kwafi, sai orijinal, wanda ya fi ƙarfinmu. Maganinta wata 'yar aba ce da ake kira cif, ana liƙa ta a ciki da dalma, daga nan ta karɓi kowane faifai, har wasan ƙwallon da samarin Kano suka gyara da kansu. Yaya ya samo ta ya ajiye a kwalin ashana, yana jiran ranar da zai kai wa mai gyara a Kano. Ni kuwa na sha ganin mai gyaran rediyon bakin tasha yana gasa ƙarfensa na liƙa dalma a gawayi in babu wutar lantarki, na ɗauka ai shi ke nan na iya. So nake Yaya ya dawo ya tarar na hutar da shi tafiya.

Waya uku na cif ɗin na liƙa lafiya. A ta huɗu dalmar ta malale a kan wasu ƙananan ƙafafun ƙarfe masu sirantar gashi a cikin na'urar, wani wari ya taso kamar an ƙona roba. Na kankare da allura, na goge da bakin riga, na mayar da komai. Da aka kawo wuta bayan azahar na jona ta da talabijin, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na shanya ta a rana, na girgiza ta, na tofa mata duk addu'ar da na haddace a Islamiyya. Na ruga da ita cikin buhu wurin mai rediyo ina kuka, ya duba ya ce ko a Kano sai dai a cire kayanta a sayar. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da la'asar Yaya ya dawo. Na faɗa masa da bakina, na miƙa masa dorinar Baba. Bai karɓa ba. Ya daɗe yana juya na'urar a hannu, sannan ya ce, "Da ka jira ni, Auwalu." Bayan girbi ya hau motar Fatakwal ya kama acaɓa, kuma can ya zauna har yau, sai salla da salla muke ganinsa.

Yanzu 'ya'yana suna sauke wasanni a waya kafin shayi ya huce, in ɗaya ya ƙi buɗewa su goge su ɗauko wani. Inna ta rasu Yaya yana hanya, bai riski jana'iza ba. Muna waya da shi duk Juma'a, bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Da ya doke ni ranar, da tuni na warke.