Bencin Buhu

Buhu muke ce masa tun muna yara, domin in ya hau babur sai tayar baya ta yi salati. Ɗan gwaggonmu ne, sana'arsa ba da hayar kujeru. Biki, suna, zaman makoki, duk inda jama'a za su ajiye jiki, Buhu ya riga su isa da amalanke. Kujerun roba gare shi farare, da ya jera su sai ka ce za su kai bakin duniya.

Shekarar da rikici ya raba garin biyu aka cinna wa shagonsa wuta. Kujerun suka narke. Ƙanensa, wanda ke gadin shagon, bai fito ba. Kowa ya san wanda ya ƙyasta ashanar, ɗan wani tsohon tela ne daga tsallaken titi. Tun daga ranar Buhu ya rage magana, ya tattaro guntayen katako ya riƙa harhaɗa benci da kansa, alhali shi da kafinta ko maƙwabtaka ba su taɓa yi ba.

Da zaɓe ya matso sai aka ce akwati ɗaya za a kawo, a makarantar firamaren da ke tsakanin unguwannin biyu. In ba a yarda a tsaya layi ɗaya ba, babu akwati. Shugabar makaranta ta kira taro a wani aji da tagoginsa suka fita, allo har yanzu da ramukan harsashi. Buhu ya kawo bencinansa, ya zauna a ƙarshen guda. Samarin kowane ɓangare suka tsaya a ƙofa suna hura hanci, ƙiris suke jira.

Ana cikin magana, matan da ke tsakiyar bencin suka fita lallashin yara. Buhu ya waiga, sai ga tsohon telan a ɗaya ƙarshen, ya bushe kamar sillen kara. Shi kuwa bencin, gwanin namu ya kafa masa ƙafafu can ciki. Duk wanda ya miƙe ba sanarwa, na ɗaya gefen sai ƙasa.

Shugabar ta ce, "Waɗanda suka yi rashi su fara magana. Mai kujeru, bismillah."

Zuciyarsa ta ce masa tashi kawai. Ai kiransa aka yi, wa zai ga laifinsa? Tsoho ya kifa, ƙugu ya karye, ko banza ya rage zafi. Amma ya ga idanun samarin nan. Ya san kafin tsohon ya taɓa ƙasa, ajin zai kama da wuta.

Telan ya ce a hankali, "Ɗana, in za ka tashi, ka faɗa min."

"Baba, naka ɗan ya faɗa wa ƙanena kafin ya ƙyasta?"

"Bai faɗa ba. Ni ma bai faɗa min ba. Tun ranar ban sake sa shi a ido ba, ko kabarinsa ban sani ba."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Buhu, ko sai an kawo igiya a ɗaga ka?" Aka ɗan yi dariya, ta mutu nan take.

Buhu ya juya ya dubi tsohon. Can ya ce, "Matso tsakiya."

Tsohon ya riƙa jan jiki da kaɗan-kaɗan, har rigarsa ta taɓa gwiwar Buhu. Sannan Buhu ya dafa katakon, ya miƙe. Bencin ya yi ƙara, bai motsa ba.

Ya ce, "Malama, ni ban iya dogon zance ba. Ban yafe ba, kada wani ya fita ya ce na yafe. Amma a kawo akwatin. In layi ya yi tsawo, zan kawo wa tsofaffi abin zama."